Huluna Uku a Kujerar Baya

Ni nake jan motar Onarabul,
shekara huɗu ke nan da 'yan watanni.
Ran da na kama aiki aka ce direba ba shi da baki.
Ba wanda ya yi zancen kunne.

Huluna uku yake ajiyewa a kujerar baya:
ta Yarabawa mai kwantawa gefe guda,
zanna-bukar da ya saya a Agege bai ko taya ba,
da wata malafa, don hotunan Ikoyi.

Talata da hantsi, a otal,
ɗaki mai sanyi kamar cikin randa,
likitoci da matan ƙungiyoyi kowa da biro a hannu.
Ina bakin ƙofa riƙe da jakarsa.
Ya ce, "Mace ta mutu a bayan shagon magani
don mun rufe mata ƙofar asibiti?
Ku ba ni kujerar nan, a sake duba dokar zubar da ciki."
Har ƙwalla ya matso.
Aka tafa, aka sha lemo.

Juma'a muka kutsa gosulon Oshodi.
Ya sauya hula yana leƙen madubina,
ya ce in koya masa faɗin "Allah ya kiyaye"
yadda ba za a yi masa dariya ba.
A ƙofar masallaci ya ɗaga yatsa sama:
"Ran da ke cikin ciki amana ne,
ina numfashi ba mai taɓa shi!"
Aka yi kabbara. Aka raba atamfa.
Lahadi, a wata coci a Surulere,
miyar ce dai, ya ƙara mata gishiri.

Da dare, a kan doguwar gada,
fitilu suna rawa a ruwan Ikko,
yaronsa mai lissafi ya buɗe kwamfuta:
"Nan dubu tara ba sa so, can dubu shida suna so."
Oga yana ɓare gyaɗa ya ce,
inda baki ya karkata nan yawu yake zuba.
Ya zuge gilashi ya watsar da ɓawon.

Ba su san Lantana ba.

Ƙanwata ce. 'Ya'ya biyar.
Awara take soyawa a bakin titin jirgi.
Likita a Idi-Araba ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki na shida ba.
Mijinta ya ce a bar wa Allah.
Malam ya ce a ba shi kwana biyu ya duba.
Ni kuwa da ta kira, ina Lekki ina jiran Oga ya gama cin kifi.
Ta yafa gyale ta tafi Mushin ita kaɗai,
wani ɗaki mai shuɗin labule,
naira dubu goma sha biyar.

Ni na ɗauko ta, a ɓoye, cikin wannan mota.
Na ture hulunan na kwantar da ita.
Ina ta hon, danfo bai matsa ba.
Kafin asibiti hannunta ya huce.
Sau uku na wanke kujerar da omo.
Oga ya ce motar tana ƙamshi.

Ni ba malami ba ne, ban san hukuncin ba.
Wani daren in ce ta yi laifi,
wani daren in ce mu muka yi,
asuba ta same ni ban tsayar da ɗaya ba.
Amma tambayar ba ta sauya mini hula:
yadda take a Agege haka take a Ikoyi,
tana zaune bayana, ba ta sauka.

Katin zaɓena yana aljihun mota
tare da takardun inshora da ɗankunnenta guda.

Saura kwana tara.
Yau Ikorodu muka nufa.
Ya miƙa hannu baya yana laluben kujera:
"Ɗan'azumi, wacce ce ta yau?"
Na ce, "Duk wadda ta zo hannu, ranka ya daɗe."
Na sa sigina,
na jira wata mai tallan burodi ta gama tsallakawa.