Hannun Malam Bawale

A Bakura, bayan girbi, bayan la'asar,
Malam Bawale ya gyara murya ya fara:
"Dambe ɓata lokaci ne, jama'a, ku bari!"

Sai kalangu ya taso daga bayan mahauta,
taken da ake yi masa tun yana Guduma,
kafin gemu, kafin rawani.

Kafaɗar dama ta motsa da kanta.
Ya danne ta da hagu, ya ci gaba,
carbi ya naɗe dunƙulen kamar zare.

Ladan Tunau, mai haƙora uku,
ya sunkuya yana ƙunshe dariya,
ya san hannun da ya kwashe sauran.

Da magariba Malam ya raɗa masa:
"Wa ya yi kisa yau?"