Hanyar Goro a Kan Babur

Asuba a Abuwabo, ladan bai gama gyaran murya ba,
na turo babur da hannu don kada in tashi maƙwabta.
Mumuni na jirana a bakin kwata da nasa,
tsohon injin da muka haɗa a Suwame,
rabi daga juji, rabi a kan bashi.
Galan biyu, da tiyub ɗin safaya ɗaure a baya.

Kejetiya na barci da ido ɗaya,
masu koko na hura wuta, turoturo na tari.
Muka ba Kumasi baya,
hancin babur ya shinshino arewa, ya kama hanya.

Tun a garejin nake cika masa kunne:
kakan babana, Gariba madugu,
da ƙafa ya taka wannan turba,
jaki goma sha biyu, goro huhu-huhu cikin ganyen fita,
sati biyu kafin ya hango Salga.
Mu ga shi za mu haɗiye ta a kwana ɗaya da 'yar ɗoriya.

A hawan Mamfon hazo ya sauko har gwiwa,
kwana bayan kwana, inji na kuka a giya ta biyu.
Daji ya soma sanƙo bayan Ejura,
dogayen itatuwa suka sallame mu,
kaɗanya da tudun doya suka karɓi tafiya.

Atabubu, ƙusa ta gaishe ni.
Mai faci yaro ne, bai kai sha biyar ba,
ya tambayi me muka kai saidawa.
Na ce ba komai, kallo muka fito.
Ya dubi ƙurar fuskarmu, ya dubi abokinsa,
suka tuntsire da dariya.

A Yeji kwalta ta tsaya cak, ta sha ruwa.
Mashigin da jakunan Gariba suka haye
yana can ƙasan tafki, kifi na kiwo a kansa.
Muka kwana jiran jirgin fito, sauro ya karɓi fitonsa,
da hantsi muka ƙetare tsakanin buhun gawayi da akuya.

Salga ba ta kai girman labarinta ba.
Wani tsoho mai sanda ya ja mu cikin ciyawa,
ya nuna ramuka, baki-baki a jikin dutse:
a nan ake wanke su, in ji shi,
a shafa musu man kaɗe su yi sheƙi
kafin a jera su a kasuwa.
Ni ina neman sawun jaki,
Mumuni ya durƙusa a bakin rijiya.

Ya daɗe. Da ya ɗago bai dube ni ba.
Kakar uwata ta sha ruwan nan, ya ce.
Ba wanda ya san garinsu, ko sunan da aka raɗa mata.
Nagode suke ce mata.
Huhu uku aka ba da, har da gyara.
Na nemi yawu a bakina na rasa,
jakuna goma sha biyu suka bi ta kan zuciya.

Dawowa ba mu yi tsere ba.
Fitilarsa na bayana, ina ganinta a madubi,
duk ramin da na kauce masa ya kauce.

Yau Litinin, mun buɗe gareji.
Jar ƙasa ta ƙi fita daga sarƙa, na bar ta.
Mai tallan goro ta zo, na sayi fari guda,
na ɓare, na miƙa masa ɓari.
Ya tauna, ya ɓata fuska, ya ce ɗaci gare shi,
miƙo min sifana goma,
injin nan ba zai ɗaure kansa ba.
Na miƙa. Ban ƙara zancen Gariba ba tun shekaranjiya.