Makullin Aji Ɗaya

Luba, ga makulli. Ƙofar tana cijewa,
tokare ta da gwiwa kafin ki murɗa.
Shekara ashirin da shida nake tokare ta,
bana gwiwar ta ce a ba na baya.

Akwatin ƙarfen can ƙarƙashin taga
naki ne, kada ki raina cikinsa.
Murafan lemo ɗari uku da 'yan kai,
na tsinto su bakin shagon Ɗan'ige, nan Dundaye.
Da su anka koyi goma,
da su anka koyi ɗebe uku a ga saura.
Ƙwallon goruba na manyan lambobi ne.
Karan dawa kuwa, na fere, na daidaita tsawonsu.
Ga kwalin sabulu da na yanka na zana baƙaƙe,
ɓa da ɗa da ƙa na sa musu jar tawada,
don ƙugiyar nan yara ke bari a hanya.

Allo ya koɗe, na sani.
Daka gawayi, ki kwaɓa da ruwan ƙaro,
ki shafe shi Juma'a in an tashi.
Litinin za ki iske shi wuluk kamar gindin tukunya.
Alli kwali guda ne har hutu.
Karya kowane biyu. Guntu ma yana rubutu.

Rajista ta ce saba'in da huɗu.
Benci sha ɗaya ne, ɗaya gurgu,
sauran tabarma ce, ita ma ta ga duniya.
Makon farko ba za su cika ba:
gero ya nuna, ana korar tsuntsu,
wasu suna fadamar Rima wajen shinkafa.
Kada ki soke sunan kowa.
Aika gaisuwa gidajensu,
za su zo da ƙaiƙayi a wuya suna sosa.

Kafin ki koya musu baƙi ko ɗaya,
koyi sunayensu.
Za ki tarar da Ummaru biyar.
Nemi abin da uwar kowane ke kiransa,
wannan sunan ne ke sa yaro ya waiwayo.

Bari in gaya miki na Jabbi.
Can baya yake zama, jikin bango.
In kira, shiru. In sake kira, shiru.
Na ce taurin kai ne, na ɗauko tsumagiya,
zango guda ina zuba masa.
Ranar da kakarsa ta zo da tallan fura
ta ce, "Malam, kunnen hagu ai ya mutu tun ƙyanda."
Na maido shi gaba, dama da bakina.
Kafin damina ta dawo yana karanta kwalin sabulu.
Yanzu injin ban-ruwa yake gyara a Kwalkwalawa,
in mun haɗu har ƙasa yake gaishe ni,
ni ko sai in rasa inda zan sa idona.
Kada ki nemi tsumagiyar a bayan ƙofa.
Na hura wutar shayi da ita.

In rana ta take, kwano ya fara ƙara,
kwashe su zuwa gindin darbejiya,
ƙasa ma allo ce, yatsa ma alli ne.
Cika randa da safe, ki ɗaure moɗa da igiya.
Wanda ya yi barci ƙarfe goma,
tambayi cikinsa kafin ki tambayi tarbiyyarsa.

Albashi zai yi latti. Wannan ba ni da maganinsa.

To, ga shi an buga wilin motar can,
ji su, kamar an buɗe wa awaki.
Shiga. Ni zan bi ta bayan aji.
Murfi ɗaya na ɗauka, ja, mai lanƙwasa,
in kin ƙirga kin ga babu, yana aljihuna.