Ƙwayar Bayan Isha'i

Shekara talatin ina jera tsire a Yalwa,
tsoka biyu, kitse ɗaya, yadda Baba ya koya min.
Wanda bai sayu ba, cikina ne kasuwarsa.
Garwa ta san hayaƙina tun kafin ta san sunana.

Sai ga takarda daga asibiti,
lambobi a jere kamar littafin mai bin bashi.
Likitar yarinya ce, sa'ar 'yata Dudu.
Ta ce, "Baba Jatau, kitse ya yi yawa a jininka.
Jijiya kamar bututun famfo take,
a hankali take toshewa, ba ta sallama."
Na ce ni ko ciwon kai ba na yi.
Ta ce, "Abin tsoron ke nan."

Na tuna Yaya Barau
a tashar motar Marwa,
ya sunkuya zai ɗauki buta,
bai ɗago ba.
Na miƙa hannu na karɓi takardar.

Ƙwaya ɗaya, fara, ba ta kai wake ba,
bayan Isha'i, da ruwa, kullum.
Sati uku lafiya lau.
A na huɗu cinyoyina suka kai ƙara,
sharaɓa ta yi tsami
kamar na wuni ina tsinkar auduga a gonar wani.
Tashi daga sujada sai da dafa bango.
Na ce, maganin da ke shiga tsakanin mutum da sallarsa,
ina ranarsa?
Na tura kwalin ƙarƙashin tabarma,
na yi gum.

Ashe Dudu tana ƙirge.
Ta baje shi a faifai gaban uwarta:
"Sha ɗaya, Baba. Sha ɗaya ba ka sha ba."
Ban taɓa sunkuyar da kai gaban abin da na haifa ba
sai ranar.
Ita ta tare mai babur.

Likita ba ta yi faɗa ba.
Ta matsa sharaɓata,
ta tambaya ko fitsarina ya yi duhu kamar shayi,
ta sa aka sake ɗibar jini,
sannan ta canza min wata mai sauƙi.
"In ta dame ka, ka dawo mu duba.
Kada ku yanke hukunci kai da tabarma."

Sauran maganin a tukunya yake.
Asta ta ɓoye ludayin mai, ta fito da cokalin shayi.
Man shanun da ke malala a kan tuwo
ya zama baƙo, sai da Salla.
Yakuwa, zogale, wake, wake, wake,
kifin Binuwai a kan garwashi, ba a kasko ba.
Taba kuwa na sake ta,
amma har yau yatsuna na zuwa biko aljihu.

Da asuba nakan taka har gada.
Farko sau huɗu nake tsayawa, yanzu sau ɗaya,
shi ma don dorina.
Na ce mata, ke da ba ki san komai ba sai ciyawa,
dubi jikinki!
Ta yi hamma, ta nutse.

Wata uku, lambobin sun sauko.
Ba duka ba. Likita ta ce da saura.

Da dare ina nan a gaban wuta.
Samari na cewa, "Baba, ƙara kitse!"
Nakan ƙara,
amma idona na kan ƙirjinsu,
wani lokaci har bakina ya suɓuce.
Su yi dariya: mai tsire ya zama likita.

Yanzu tsoka uku nake jerawa kafin kitse,
ba wanda ya lura.
Ladan ya kira, na rage wuta.
Ƙwayar tana aljihun gaba, kusa da abin da take gadi,
a naɗe cikin takardar ƙunshe nama.
Ƙamshin dai ba a hana ni ba.