Abin da Tebur Ya Ɓoye

Shekara talatin da ɗaya ina bayan kyamara,
ido ɗaya a rufe, ɗaya a kansa.
Na san fuskar Malam Lawandi Ƙoƙi
fiye da yadda madubinsa ya san ta.

Kanawa sun san babbar riga da hula zanna,
da sallamar nan ta ƙarfe bakwai
mai sa a sauke murya a teburin mai shayi.
Ni na san abin da tebur ya ɓoye:
silifas ɗin roba da ya sha ɗinki,
da ƙafar hagu mai rawa
tun daga kanun labarai har a yi bankwana.

Innarsa, a gidan maƙwabta masu akwatin baƙi-da-fari,
takan amsa masa sallama da ƙarfi,
ta ce, "Ku dubi wuyan yaron nan,
ba sa ba shi abinci a wurin."

Akwai shekarar da takarda ke zuwa da rakiyar kaki.
Aka ce ya faɗa wa gari gero ya yi araha,
alhali tiya ta gagari mai iyali.
Ya karanta.
Sai ya cire tabarau, ya goge da hannun riga, ya mayar.
Daƙiƙa huɗu, na ƙirga.
Washegari a Dawanau
har waɗanda ba su taɓa sa tabarau ba
suna goge iska suna dariya.
Wata tara ya yi a ɗakin ajiyar kaset,
shi da ɓeraye da fanka mai kuka.

Wani dare na damina,
mota ta kife a hanyar Gwarzo.
Sunaye suka iso ana saura minti biyu,
ba wanda ya duba.
Na ɗaya. Na biyu. Na shida.
"Sabi'u Garba, direba."
Uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya shi.
Muryar ba ta karye ba.
Ƙafar ce ta tsaya cak,
ranar kaɗai na ga ta tsaya.
Ya karanta na bakwai da na takwas,
ya wuce labarin taki, ya wuce na ƙwallo,
sai da jar fitila ta mutu ya ce,
"Tanimu, akwai mai a babur ɗinka?"

Yaran yanzu labari na riga su zuwa ofis,
yana cikin aljihu yana tsuwa.
Shi kuwa jan biro a hannu:
"Ka gani, ko an ce?
In an ce, wa ya ce? Yana da suna?"
Suka sa masa Baba Wa-ya-ce.
Ya ji, bai hana ba.
Sau biyu ya nemi gafarar masu kallo a rayuwarsa,
na biyun don ya kira Kurna da Rijiyar Lemo.

Ranar sallama aka ba shi agogon bango
da dardumar salla da jawabi mai tsawo.
Agogo! Mutumin da cikinsa ke buga bakwai.
Ya yi godiya, ya tare adaidaita a bakin titi,
direban ya ce, "Baba, kamar na san muryar nan."
Ya ce, "Ƙoƙi za ka kai ni."

Jiya na je gaishe shi bayan magariba.
Yana kan dakali, jikoki na kokawa da waya.
Daga wani gida aka ji kiɗan buɗe labarai.
Ya gyara zama. Ya taɓa hula.
Ƙafar hagu ta soma.
Ni ma ban san sanda na rufe ido ɗaya ba.