Lamba Bakwai

Ƙarfe biyar da rabi, shataletalen Farin Gada.
Sanyi ya kama yatsuna, da ƙyar na cire murfin kyamara.
Sufeto Dalyop ya ja igiya ya kore 'yan kallo,
ya ce, "Mansir, kar ka taɓa komai. Ɗauka kawai."

Haka aka koya mana:
ka tsaya nesa, ka matso, sannan ka durƙusa.
Daga nesa, motar tumatir ce kwance kamar saniyar da aka kayar,
kwanduna sun fashe har bakin kwata.
Na matso. Sawun birki, taku goma sha tara,
ya fara baƙi wuluk, ya ƙare babu sallama.
Na durƙusa.

Kyamara ba ta raba tumatir da jini,
ja ɗaya take ba su.
Ni zan rubuta a ƙasa wanne ne wanne.

Lamba ɗaya, fitilar keke.
Lamba huɗu, silifas na ƙafar hagu,
an ɗinke maɗaurinsa da zaren buhu.
Lamba bakwai, hannu.
Na shimfiɗa rula a gefensa.
Kuɗin sari na nan ƙulle a bakin zane,
ko sisi ba a kai ga kashewa ba.

A da, a shagona na Dilimi,
fama nake da mutane:
ɗaga haɓa, kar ki ƙifta, tsaya cak.
Yanzu ba na roƙon kowa.

Ran Alhamis wani yaro ya zo ofis.
Ya ce sunanta Kangyang, babarsa ce,
Asabar za a kai ta Du,
mai buga takardar jana'iza yana jiran hoto.
Sun birkice gida kaf.
Na katin zaɓe ruwa ya cinye shi,
ita kuwa ba ta taɓa tsayawa ba,
kullum sai ta ce bari ta dawo daga kasuwa.
"An ce kai ka ɗauke ta."

Goma sha huɗu nake da su cikin fayil,
kowanne da kwanan wata da sa hannuna,
babu wanda ya yi dishi-dishi.
Na ce masa na kotu ne, ba a fitarwa.
Gaskiya na faɗa.

Na raka shi bakin titi na tsayar masa da keke,
na leƙa tayoyin,
na ce wa direban ya bi a hankali.
Ban koma ciki ba sai da suka sha kwana.