Ƙidayar Baki

Shagona na buga takardu yana Kongo,
tsakanin mai gyaran waya da mai fura.
Nan Nafi'u ya kawo min aikin digirinsa
a ledar burodi: kaset goma sha tara,
jawaban kamfen da kawunsa ya naɗa
tun yana yawo da rikoda a kafaɗa.

Mako shida ina saurare ina bugawa.
Tafi ban buga ba, kirarin maroƙa ban buga ba.
Tarin ɗan takara a filin Tudun Wada
da gurnanin janareta, na bar su a kaset.

Sai yaron ya juye duka a kwamfuta
kamar mai zuba gari a rariya.
Ya ce kowace kalma za ta yi ƙiba
daidai yawan fitarta daga baki.

Na rantse "talaka" zai cinye allon.
Na uku ya zo.
"Za mu" ce ta zauna a tsakiya,
ta yi ɗare-ɗare kamar Kufena,
sau dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya,
duk da yatsun nan na buga ta, ban lura ba.
"Jama'a" na gefe tana riƙe mata jaka.
"Mun gama" kuwa, sai da aka ja hoton,
aka ƙara ja, muka tsinto ta a lungu,
ƙwayar riɗi maƙale a haƙori.

Inna Tasalla ta leƙo karɓar kwanonta.
Ba ta yi boko ba, amma ta san girma.
Ta ce, wanne ne ruwa a nan?
Nafi'u ya nuna: shuɗi, ƙato,
kwance a saman "titi" da "asibiti".
Ta ɗora hannu a gilashin, ta auna,
taƙi ɗaya har da ɗoriya.
Ta ce, duk wannan?
Ni kuwa jarka shida na saya da safe
wajen mai kura, kafin in dama fura.
Ta goge tafinta a zane
kamar ya jiƙe.

Na ce, nemo min "na yi kuskure".
Na'ura ta juya, ta ce babu.
To, "ku yi haƙuri" fa?
Sau ɗaya tak.
Muka koma kaset na sha biyu da ɗoki:
ashe lasifika ce ta mutu.

Da muka zo fitar da hoton a takarda,
tawada ta ƙare a tsakiyar "za mu".
Kwafin da ya lalace na liƙa a bango,
Nafi'u ya biya, ya hau a-daidaita zuwa Samaru.

Da dare ina saka kwaɗo a ƙofa
na tuna abin da na ce wa mai shago,
da mai jiran takardar neman aiki,
da Ladidi, 'yata, kan kuɗin jarrabawa,
da haƙorin da ke hana ni barci.

In aka naɗi bakina shekara guda
aka juye a rariyar yaron nan,
na san wadda za ta zauna a tsakiya.
Harafi huɗu ce.
Gobe.

Na ja kwaɗon, na ji ya kama,
na bi ta Gyallesu a ƙafa.